Dila, taba da mota: yadda Birtaniya ta zaɓi abin da za ta hana da abin da za ta kau da kai

Duk ranar 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti, in ka leƙa wasu ƙananan garuruwan karkarar Ingila za ka tarar dandalin kasuwa ya cika maƙil da dawakai, mahaya sun sha jajayen kwat da baƙaƙen huluna, ga karnuka talatin ko arba'in suna ta kai komo tsakanin ƙafafun dawakai, mutanen gari sun fito da 'ya'yansu ana tafi, can gefe kuma ga wasu ɗauke da kwalaye suna ihu suna kiran mahayan azzalumai. Fita farautar dila ke nan za a yi. Abin da zai ɗaure maka kai shi ne tun ranar 18 ga Fabrairun 2005 doka ta haramta sakar wa dila karnuka a Ingila da Wales, shekara ashirin ke nan da ɗoriya, amma hawan bai fasa ba, 'yan sanda ma suna wurin suna gyara wa dawakai hanya.

Gwamnatin da ta yi wannan doka, ta firaminista Tony Blair, a zamaninta ne aka fara karɓar kuɗi a hannun duk mai shiga tsakiyar Landan da mota a 2003, kuma ita ce ta yi dokar da ta kori masu shan taba daga mashaya da gidajen abinci da ofisoshi, wadda ta fara aiki a Ingila a 2007. Dila, mota, taba, duka cikin shekara biyar, kuma gardamar iri ɗaya ce a kowanne: mutum ya ce wannan rayuwata ce ina ruwan gwamnati, gwamnati ta ce ai ba kai kaɗai abin ke shafa ba. Amma yau in ka duba, ta taba ta ci nasara fiye da yadda kowa ya zata, ta dila tana nan a takarda ana zagaye ta, ta mota kuwa ko ina aka taɓa sai an ji ihu. Ni a nawa ganin ba girman ɓarna ba ne ya raba su, yawan masu yin abin ne da kuma ko suna da wata mafita in an hana su.

Bari mu fara da dilan tunda shi ya fi ban mamaki ga irinmu. Dilansu ja ne, mai dogon baki da wutsiya buzu-buzu, yana cin kaji da 'yan tumaki sabbin haihuwa, kuma naman nasa ba ci ake ba. Farautarsa a kan doki da garken karnuka masu bin sawu da hanci ta kankama ne a ƙarni na 18 a yankin Leicestershire, daga nan ta zama al'adar masu ƙasa da manyan gonaki. Ana fita daga Nuwamba zuwa wajen Maris, karnuka su shinshino dila su kore shi, mahaya su bi baya suna tsallake shinge da kwari, wani lokacin a yi ta gudu har dilan ya gaji karnuka su yayyaga shi, in kuma ya shige rami akwai masu ƙananan karnuka da shebur da za su tono shi. Ga mutanen da ke yi, abin kaman hawan sallah yake, akwai sarautu a ciki, akwai kayan da kowa zai sa gwargwadon matsayinsa, akwai masu kiwon karnuka da maƙeran takalmin doki da masu ɗinka sirdi da ke ci daga nan, ga liyafa da rawa a ƙarshen kaka. Wanda ya ce musu don rage ɓarnar dila kawai suke yi su ma sun san ba gaskiya ya faɗa ba duka.

Masu adawa da abin sun daɗe, ƙungiyar League Against Cruel Sports tun 1924 take, sannan a 1963 aka samu matasa masu zuwa fili su ɓata farautar, su busa ƙaho irin na mafarauta don karnuka su ruɗe, su fesa abu mai ƙamshi a kan sawun dila, a yi ta dambe a gonakin mutane. Da jam'iyyar Labour ta Blair ta ci zaɓe a 1997 da gagarumin rinjaye sai 'yan majalisarta suka ga dama ta samu, a shekarar ma wani kudirin hana farautar ya samu ƙuri'a 411 da 151 a majalisar wakilai amma ya mutu a hanya. Gwamnati ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Lord Burns, rahotonsa ya fito a 2000, kuma kowane ɓangare ya tsinci abin da yake so a ciki. Rahoton ya ce farautar tana cutar da lafiyar dila ƙwarai, amma bai fito ya ce a hana ba, ya kuma nuna cewa sauran hanyoyin kashe shi kaman tarko da harbin da ba a iya ba su ma ba rahama ba ne. Ya ƙiyasta dilolin da ƙungiyoyin farauta ke kashewa a shekara tsakanin 21,000 zuwa 25,000, da ayyukan yi wajen 6,000 zuwa 8,000 da suka rataya a kan harkar.

Mutanen karkara ba su zauna ba fa. A Satumbar 2002 ƙungiyar Countryside Alliance ta kwaso mutum wajen 400,000 suka cika titunan Landan, kuma da yawansu ko doki ba su taɓa hawa ba, abin da ya fito da su shi ne haushin an rufe musu gidan waya da reshen banki, bas ta daina zuwa ƙauye, ga cutar baki da kofato ta 2001 da ta sa aka ƙone miliyoyin dabbobi, to sai kuma a ce abin da 'yan birni suka ga ya fi gaggawa shi ne dila. Majalisar dattawa ta masu sarauta ta yi ta mayar da kudirin, a Satumbar 2004 wasu matasa magoya bayan farauta suka kutsa har cikin zauren majalisar wakilai ana tsaka da muhawara, daga ƙarshe a Nuwamba sai da aka ɗauko wata doka da ke ba majalisar wakilai ikon tsallake dattawa, wadda tun 1949 sau uku kacal aka taɓa amfani da ita kafin nan. Ana yawan cewa muhawarar dila ta cinye wa majalisa wajen awa 700. Shi kansa Blair daga baya ya fito ya ce yana cikin dokokin da ya fi nadamar yi.

Gaskiyar magana, tausayin dabba yana ciki kuma ba na raina shi, Bature da dabba sai Allah, kuma a ƙuri'un jin ra'ayi da ake yi mafi yawan mutane na cewa a bar haramcin. Amma akwai tsohuwar gaba ta talaka da mai sarauta a ƙarƙashi. Ɗan majalisar Labour da ya tashi a garin masu haƙar kwal, ya ga yadda gwamnatin Thatcher ta murƙushe yajin aikinsu a 1984 da 1985 ta rufe ramuka, in ya hango mai jar kwat a kan doki ba dila kaɗai yake gani ba. Su ma mahayan sun gane haka, shi ya sa ba su taɓa karɓar dokar a zuciya ba, a wurinsu ramuwar gayya ce aka sa mata rigar tausayi.

Dokar kuma da ƙofofinta a buɗe aka haife ta. Ba ta hana kashe dila ba, harbe shi halal ne, an yarda ka yi amfani da kare biyu su koro maka shi ka harbe, an yarda karnuka su koro wa tsuntsun farauta, sai ga wasu ƙungiyoyi sun je sun sayo mikiya da mujiya ana yawo da su a hannu don cika sharaɗi. Babbar dabarar ita ce bin sawun ƙarya, a jiƙa tsumma da warin dila a ja shi a daji kafin a fito, karnuka su bi, mahaya su bi karnuka. To a dajin da dila na gaske ke yawo, kare ya san wanne ne na doka? In suka kauce suka kama na gaske sai a ce kuskure ne, kuma kafin kotu ta ɗaure mutum dole a tabbatar da gangan ya yi, a tsakiyar gonar abokinsa inda babu shaida sai 'yan adawa da kamararsu. Shi ya sa akasarin waɗanda aka hukunta da dokar ba manyan mahaya ba ne, masu sakar wa zomon daji karnuka ne a gonakin mutane, wato dai talakawan. Scotland da ta riga kowa yin doka a 2002 ta sake wata a 2023 ta hana har bin sawun ƙaryar, Labour ma ta sa alƙawarin haka a manufofinta na zaɓen 2024, a Ireland ta Arewa kuwa majalisarsu ta ƙi amincewa da haramcin a 2021.

Taba kuwa wata hanya ta bi daban, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kalla. A 1950 ne masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu, lokacin mafi yawan mazan ƙasar suna sha, har likitoci. Da a ce a shekarar wata gwamnati ta tashi ta ce ta hana, da ko wata ba za ta ƙara ba a kan mulki. Sai aka bi ta a hankali, kowace gwamnati ta ɗan gutsura. 1965 aka cire tallan sigari a talabijin, 1971 aka fara rubuta gargaɗi a kwali, haraji kuma kusan kowane kasafin kuɗi sai an ƙara. Ba wai babu tuntuɓe ba, a 1997 gwamnatin Blair ta nemi ta ware tseren motoci na Formula 1 daga haramcin tallan taba, sai ya fito fili cewa mai harkar tseren, Bernie Ecclestone, ya ba jam'iyyar gudummawar fam miliyan ɗaya, dole aka mayar masa da kuɗinsa. Duk da haka dokar hana talla ta zo a 2002. A 1974 wajen kashi 45 cikin 100 na manya ke shan taba, kafin a zo hana ta a mashaya an dawo kusan ɗaya cikin biyar ko sama kaɗan, a 2023 kuwa wajen kashi 12 ne. Ka ga sai da masu sha suka zama tsiraru sannan aka ɗaga musu murya.

Kuma hujjar da ta karya su ba lafiyarsu ba ce, lafiyar na kusa da su ce, yarinyar da ke aiki a mashaya awa takwas tana shaƙar hayaƙin da ba ita ta kunna ba. Da aka juya maganar haka sai "ina ruwanka da rayuwata" ta rasa ƙafa. Ireland ta fara a 2004, Scotland a Maris 2006, Ingila ranar 1 ga Yulin 2007, an yi ta hasashen za a yi tawaye, shiru, mutane suka ɗauki sigarinsu suka fita waje cikin sanyi. Wani abu da ya bambanta mai taba da mai farauta shi ne mafi yawan masu shan taba da bakinsu suke cewa suna so su daina, mutum yana zagin dokar amma rabin zuciyarsa na tare da ita, ga asibitocin gwamnati suna ba da taimakon dainawa kyauta. Mai doki kuwa ko kaɗan ba ya son dainawa.

Maganar matasa ita ce zuciyar abin, don kusan babu mai fara shan taba yana da shekara talatin, galibi kafin ashirin ake kamuwa, da yawa ma tun suna sakandare, a bayan makaranta, don kar abokai su ce kai yaro ne. Kamfanoni sun san in ba su samu sabbin yara ba kasuwarsu mutuwa za ta yi tare da tsoffin kwastomomi, waɗanda ita tabar ke kashewa wajen 80,000 a shekara a ƙasar. Don haka aka bi duk ƙofar da yaro ke shigowa ana toshewa. Oktoba 2007 aka ɗaga shekarun saye daga 16 zuwa 18, 2011 aka cire injinan sayar da sigari da ba sa tambayar shekaru, daga 2012 zuwa 2015 aka sa shaguna su ɓoye ta a bayan ƙofar kabad, 2016 zuwa 2017 aka kawo kwali mara ado, launi ɗaya mai muni da hoton ruɓaɓɓen huhu, aka kuma hana ƙaramin kwali mai kara goma wanda kuɗin tara na ɗan makaranta ke iya saye, 2020 aka hana mai ɗanɗanon minti da ke sa hayaƙi ya wuce maƙogwaro ba tari. Yau kwali ɗaya ya haura fam 14. A 1996 kashi 13 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 15 a Ingila suna sha a kai a kai, a 2021 ya dawo kashi 1. Wa'azi a aji bai yi wannan aikin ba, tsada da wahalar samu da kuma zubewar kwarjinin abin ne suka yi.

Sai dai kar a ɗauka babu wanda ya ji a jikinsa. Tabar ta gudu daga gidajen masu kuɗi ta tare a unguwannin talakawa, lebura ya ninka manaja sau biyu ko fiye wajen yiwuwar sha, ke nan harajin nan mai nauyi wuyan mara shi ya fi hawa. A 2004 ministan lafiya na lokacin John Reid ya sha suka da ya ce ga matar da ke rainon yara ita kaɗai a gidajen gwamnati, sigari na cikin 'yan abubuwan jin daɗi da suka rage mata. An yi masa ca, amma bai yi ƙarya ba, illa dai ita ma jin daɗin ne ke rage mata kwana.

Ana cikin murna sai ga sigarin lantarki. Hukumomin lafiya na Ingila da kansu suka rungume shi a matsayin tsani ga babba mai son sauka daga taba, kuma ya taimaki mutane da yawa, amma daga wajen 2021 kasuwa ta cika da na yarwa, masu launi kaman alawa, ɗanɗanon mangwaro da kankana, arha, a kowane shagon kwana, malamai suka fara tsintarsu a banɗakin makaranta. A binciken 2021 ɗin nan da ya nuna taba ta faɗi, kashi 9 cikin 100 na yaran suna zuƙar na lantarki, da yawansu ko sigari ba su taɓa riƙewa ba. An hana na yarwar daga 1 ga Yunin 2025, kamfanoni kuma suka fito da masu caji da suka yi kama da su sak. A ɓangaren taba kuma firaminista na lokacin, Rishi Sunak na jam'iyyar Conservative, ya zo da shawara a 2023 cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 ba za a taɓa sayar masa da ita ba har ya mutu, wato shekarun saye su riƙa hawa da ɗaya duk shekara. Kemi Badenoch na cikin 'yan jam'iyyarsa da suka ƙi, hujjarta ita ce ta yaya manya biyu da kwana ɗaya ya raba haihuwarsu doka za ta ba ɗaya ta hana ɗaya, kuma tambaya ce mai kyau, ka ƙaddara mai shago a 2045 yana neman katin shaida a hannun ɗan shekara 36. Zaɓe ya katse kudirin, Labour ta sake ɗauko shi, majalisar wakilai ta amince a 2025. New Zealand da ta fara yin irin dokar a 2022 sabuwar gwamnati ta soke ta tun kafin ta fara aiki. Dabarar dai a fili take, ba a taɓa mai ƙuri'a ko ɗaya ba, waɗanda aka hana duk yara ne. Mu ma a Najeriya akwai dokar 2015 da ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18 ta kuma hana sayarwa kara-kara, je wurin mai tebur ka gani, kuma kamfanin British American Tobacco da hedikwatarsa ke Landan yana da katafariyar masana'anta a Ibadan, kasuwar da ta tsuke a can ba ɓacewa ta yi ba.

A Oktoban 2015 aka hana shan taba a cikin mota in akwai yaro, tarar fam 50, kusan ba a ci tarar kowa ba amma ba wanda ya yi gardama. Hayaƙin cikin mota an gama da shi cikin ruwan sanyi. Na bututun bayanta ne ya gagara.

Ƙiyasin masana dabbobi ya nuna motoci na take dila wajen 100,000 a shekara a titunan Birtaniya, ninki huɗu na abin da karnuka ke kashewa lokacin da farautar ke halal, ban taɓa jin an yi awa ɗaya a majalisa a kan wannan ba. Gurɓatacciyar iska, wadda motoci ke da kaso babba a ciki a birane, ana danganta ta da mutuwar mutum 28,000 zuwa 36,000 a shekara, haɗari kuma na cin wajen 1,600 zuwa 1,700. Har yadda yara ke tashi ta canza, a 1971 kashi 80 cikin 100 na 'yan shekara bakwai da takwas su kaɗai ke tafiya makaranta, zuwa 1990 saura kashi 9, iyaye na tsoron motoci sai su kai yaran a mota, motocin su ƙaru a ƙofar makaranta, tsoron ya ƙaru. Amma motoci sun haura miliyan 30 a ƙasar, kusan gida huɗu cikin biyar na da ita, mai laifin shi ne mai ƙuri'ar.

Ba wai ba a taɓa cin direbobi da yaƙi ba. Ministar sufuri Barbara Castle ta kawo na'urar gwajin barasa a numfashi a 1967 har barazanar kisa aka yi mata, ɗaura bel ya zama dole a 1983 ana ta kukan an tauye 'yanci, yau ba mai tunawa, mutuwar hanya kuma ta sauko daga kusan 8,000 a 1966. Waɗannan sun wuce ne don ba su hana kowa tuƙi ba kuma ba su taɓa aljihu ba. Da zarar an zo kan kuɗi ko a ce rage hawa, labari ya canza. Satumbar 2000 manoma da direbobin manyan motoci suka tare ƙofar matatun mai kan tsadar haraji, cikin 'yan kwanaki gidajen mai suka bushe, shaguna suka fara ƙayyade burodi da madara, gwamnati ta tsorata tsoron da har yau bai sake ta ba, daga 2011 har zuwa 2025 ba a ƙara harajin mai ba alhali kuɗin jirgin ƙasa kusan duk shekara sai ya hau. Magajin garin Landan na lokacin, Ken Livingstone, ya yi ta maza ya sa fam 5 kuɗin shiga tsakiyar Landan da mota a Fabrairun 2003 kuma ya sake cin zaɓe, amma Landan ce, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ko ina, gidaje da yawa ba su da mota ma. Da aka tambayi mutanen Edinburgh a 2005 kusan kashi uku cikin huɗu suka ce a'a, na Manchester a 2008 kusan huɗu cikin biyar, a 2007 kuma mutum miliyan 1.8 suka sa hannu a takardar ƙin biyan kuɗin hanya gwargwadon tafiya.

A nan ne nake rabuwa da masu cewa mota ita ce sabuwar taba, a bi ta a hankali za ta faɗi. Mai taba in ya daina ba abin da ya rasa sai tari. Mai mota a ƙauyen Ingila in ya ajiye ta ya rasa aiki, don gwamnatoci ne da hannunsu suka gina masa rayuwar da ba ta yiwuwa sai da ita, bayan rahoton Beeching na 1963 kan jiragen ƙasa an rufe dubban mil na layin dogo da tashoshi sama da 2,000, a 1986 aka sakar wa 'yan kasuwa harkar bas a wajen Landan suka watsar da layukan da ba riba, manyan kantuna da asibitoci suka koma bayan gari. Ga kuma cin amanar dizal, a 2001 aka gyara haraji yadda ya ƙarfafa mutane su sayi motar dizal wai ta fi sauƙin hayaƙin da ke ɗumama duniya, mutane suka saya, bayan badaƙalar maguɗin gwajin hayaƙi ta kamfanin Volkswagen a 2015 aka dawo aka ce musu motarku guba ce ku biya.

Rigimar ULEZ ke nan a taƙaice, wato yankin Landan da tsohuwar mota mai hayaƙi ke biyan fam 12.50 kullum, galibi mai fetur da ta girmi 2006 da mai dizal da ta girmi 2015. Boris Johnson ne ya faro tsarin yana magajin gari, Sadiq Khan da ya gaje shi ya ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa shi zuwa dukkan Landan a Agustan 2023. Hujjarsa mai ƙarfi ce, yarinya 'yar shekara tara Ella Adoo-Kissi-Debrah da ke zaune kusa da wani babban titi a kudancin Landan ta rasu a 2013 da ciwon asma, a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska a cikin abin da ya kashe ta, karo na farko a ƙasar. Yaran talakawa ne ke zaune a bakin manyan tituna. Amma kuma wa ke da tsohuwar mota? Mai gyaran famfo da tsohuwar motar kayansa, da mai jinyar tsofaffi da ke fita aikin dare, mai kuɗi ya riga ya sayi ta lantarki ko sisi ba ya biya. Talaka ne a ɓangaren huhu, talaka ne a ɓangaren tara. Aka yi ta sare kamarori da dare, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Uxbridge da ke gefen Landan a Yulin 2023 Conservative ta tsira da ƙuri'a 495 kuma kowa ya ce ULEZ ce, wata biyu bayan haka Sunak ya ɗage ranar daina sayar da sabbin motocin fetur da dizal daga 2030 zuwa 2035, Labour ta zo ta mayar. Khan kuma ya sake cin zaɓe a 2024, ke nan ihun ya fi ƙuri'ar yawa a Landan. A Wales da aka mayar da gudun cikin gari mil 20 a awa a Satumbar 2023, sama da mutum 460,000 suka sa hannu a takardar ƙorafi a ƙasar da ba ta wuce mutum miliyan uku da 'yan kai ba, alƙaluman da suka biyo baya sun nuna raunuka sun ragu a waɗannan tituna, duk da haka gwamnatin ta sassauta ta ba ƙananan hukumomi damar mayar da wasu hanyoyin 30.

Abin da zai tilasta maganar ba huhun yara ba ne, baitulmali ne. Harajin mai na kawo wa gwamnati wajen fam biliyan 25 a shekara, motar lantarki kuma ba ta shan mai, duk wadda aka saya rami ne a kasafin kuɗi. Tun Afrilun 2025 aka fara karɓar harajin mota na shekara a hannun masu ita, a kasafin Nuwamban 2025 kuma ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga 2028 za su riƙa biyan peni 3 a kan kowane mil, wato biyan kuɗin hanya gwargwadon tafiya da mutum miliyan 1.8 suka kora a 2007 ya dawo, an kuma fara shi ne a kan masu motar lantarki, waɗanda har yanzu su ne 'yan tsiraru a kan titi.